Sunaye Fuɗu a Kan Littafi Ɗaya

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. A shekarar da abin nan ya faru, ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu a Tambuwal. Haifaffiyar Sanyinna ce ni, aure ya kawo ni gari. Ina aikin yanka kati a wani ƙaramin asibiti, aikin da kusan na sa kai ne, kuma ba abin da nake so a duniya irin in ga kaina cikin fararen kaya ana kirana ungozoma. Na taɓa zana jarrabawar shiga makarantar ungozoma a Sakkwato na faɗi, ƙawayena biyu suka ci. Duk sanda suka zo hutu suka leƙo asibitinmu suna gaishe ni ta taga, sai in yi musu dariya da baki, a zuci kuwa ina ƙyashinsu. Ni mutum ce mai zafin nema, ba na son a riga ni, kuma bakina ba ya rasa amsa. Da aka sake buɗe neman shiga, na rantse wa kaina cewa wannan karon ko ta halin ƙaƙa sai na ci. Wannan "ko ta halin ƙaƙa" ɗin shi ya kai ni inda zan ba ku labari, kuma ku yi mini afuwa ba zan kama sunan kowa ba.

Muna da wani ɗan laburare da ƙungiyar 'yan gari ta buɗe, ɗaki biyu ne kacal da benci shida. Mai kula da shi tsohon malamin firamare ne, abokin mahaifina tun suna samari. Kowa Baba mai laburare yake ce masa, shi kuma ɗiyata yake kirana. Tsarinsa mai sauƙi ne: kowane kati littafi uku, kowane littafi mako biyu. Idan ka zo ka tarar wani ya ari abin da kake so, akwai wani babban littafi mai baƙin bango ɗaure da igiya a jikin teburinsa, muna ce masa littafin layi. A nan za ka rubuta sunanka a ƙarƙashin sunan littafin. Ranar da aka dawo da shi, Baba zai yanki 'yar takarda ya rubuta sunan wanda ke biye, ya soka a ciki, ya ajiye a kantar da ke bayansa har kwana bakwai. Ba a taɓa rubuta iyakar sau nawa mutum zai shiga layi ba, domin ba wanda ya taɓa tunanin za a buƙaci haka. Kunya ce take tsare wurin. Akwai kuma wata al'ada mai kyau da muka taras: idan na bayanka ya fi ka matsuwa, Baba zai yi maka magana a hankali, kai kuma ka ce ka yafe layi, a ba shi. Sannan tsofaffi da matan da ba sa fita suna aiko da katinsu a karɓo musu, Baba ba ya cewa sai ya ga fuskar mai kati.

Ni kuma na zauna na dubi duk wannan mutunci, na ga ƙofa. Littattafan da suka shafi jarrabawarmu ba su wuce goma sha ɗaya ba a wurin, kuma babbansu shi ne wani ƙaton littafin bayoloji mai koren bango, mai zane-zanen jikin ɗan Adam, kwafi ɗaya tak. Saura mako takwas a yi jarrabawa. Na lissafa da yatsuna: suna ɗaya mako biyu, sunaye fuɗu mako takwas. Na ɗauki katin maigidana, wanda ya yanka da can don karanta jarida kuma ya manta da shi. Na ari na ƙanwarsa. Na lallaɓi maƙwabciyata na yankar mata. Sannan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, na yanki kati da sunan surukata, Inna, tsohuwar da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba. Na jera sunayen nan fuɗu a ƙarƙashin mai koren bango, na Inna a ƙarshe, kuma na riƙa canza hannu wajen rubutawa. Sauran littattafan na rarraba su a katunan. Sunana na gaskiya ban saka shi a kan mai koren bango ba. Duk mako biyu sai in kawo shi in ɗora a tebur da suna ɗaya, in ɗauke shi da suna na gaba, bai taɓa kwana a laburaren ba. Baba ya dube ni ta saman tabarau ranar farko, ya ce lallai gidanmu ya zama gidan likitoci. Na yi dariya na ce masa ai albarkar karatu ce. Ya buga hatimi.

A mako na biyu, ranar kasuwa, na shiga na tarar da wata mata tsaye gaban tebur, gefen zanenta duk jar laka har gwiwa. Doguwa ce siririya, ta girme ni da 'yan shekaru, tana magana a hankali kamar mai tsoron ta da wani daga barci. Mai koren bango take tambaya. Littafin yana cikin jakata a lokacin, ina jin nauyinsa a kafaɗata. Baba ya ce mata yana hannu, ya tura mata littafin layi. Ta sunkuya ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta tambaye shi yaushe layi zai zo kanta. Ya faɗa mata ranar. Na ga ta lissafa a zuci, na ga fuskarta ta sauya, domin ranar ta faɗo kwana biyu bayan jarrabawa. Duk da haka ta rubuta sunanta a ƙarƙashin na Inna. Da ta juyo ta gan ni da littafin tambayoyin baya a hannu, sai ta saki fuska ta zo ta zauna kusa da ni, ta tambaye ni ko ni ma jarrabawar zan yi. Na ce e. Tun daga ranar take ce mini 'yar'uwa.

A zaman nan ta ba ni labarinta duka, ni ko ban tambaya ba. Daga wani ƙauye take a bayan Kebbe, gidansu manoma ne masu 'yan shanu. Ita kaɗai ce mace a ƙauyen da ta gama sakandare, kuma shekaru tana bin tsohuwar ungozomar garinsu tana riƙe mata fitila da ruwan zafi, har tsohuwar ta rasu. Yanzu duk matar da naƙuda ta yi wa tsanani sai a ɗora ta a babur ko amalanke a nufi Kebbe. Dattawan garin ne suka je suka roƙi mijinta ya bar ta ta nema, ya yarda. Amma shekarunta sun kai gaɓar da aka ƙayyade, idan ta rasa bana shi ke nan, ba za a sake karɓar takardarta ba. Ta ce lissafi da Turanci tana iya tuna su, bayoloji ne ya gudu mata, domin makarantar da ta yi ba su samu malaminsa sosai ba. Wayarta ƙarama ce ta kira kawai, kuma ko kiran sai ta hau tudu. Ranar kasuwa kaɗai take samun kabukabun da zai kawo ta, shi ma a daminar nan sai an sauka an tura a wurare. Ina saurare ina gyaɗa kai ina cewa Allah sarki, hannuna kuwa yana kan bakin jakata na danne shi.

Zan faɗi gaskiya, a ranar na so in fito da shi. Abin da ya hana ni ƙaramin abu ne. Muna cikin duba tambayoyin baya sai muka zo kan wata tambayar lissafi da ta hana ni sakat kwana uku. Matar nan ta karɓi birona ta warware ta a gefen takarda kafin in gama gyara zama. Ta yi mini bayani sau ɗaya na gane. Na dube ta. Na san guraben ba su da yawa, na san daga yanki ɗaya za a auna mu. Na ce a raina, wagga mata ba ta da littafi ma haka take, ina ga ta same shi? A nan na ƙulle jakata na ce mata ina sauri, yara na jira.

Duk ranar kasuwa sai ta zo. Wani lokaci a jiƙe, wani lokaci da ƙujewa a gwiwar hannu saboda babur ya zame da su. Takan zauna ta karanta abin da ya rage a kantar littattafai, tsofaffin littattafan 'yan aji ɗaya, tana kwafa a wani ɗan littafin rubutu da ta naɗe a leda. Ta roƙi Baba ya yi wa masu layi magana ko ɗayansu zai yafe mata, ko na kwana uku ne. Baba ya ce zai yi. Da ta fita salla ya kira ni gefe, ya sassauta murya ya tambaye ni lafiyar idon Inna, tunda ya ga yanzu har bayoloji take shirin karantawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage. Amma maimakon kunya ta sa in gyara, sai ta sa na ɗau zafi. Na ce masa ai ban karya doka ba, kowane kati da mai shi, kuma a nuna mini inda aka rubuta cewa gida ɗaya ba zai shiga layi sau fuɗu ba. Ya ce lallai ba a rubuta ba. Ya ce shi bai iya tona ɗiyar abokinsa a gaban baƙuwa, kuma bai iya ƙwace littafi daga hannun wanda layi ya ba shi, amma yana roƙona in dubi Allah. Na ce zan yi shawara da masu katin. Wallahi haka na ce masa, ina kallon idonsa, alhali mu duka mun san masu katin ni ce.

Ban sani ba ko matar ta lura da yadda Baba ke kallona, amma ta fara tambayata ko na san mutanen nan, tunda ni 'yar gari ce. Ta fi damuwa da sunan ƙarshe, wato na Inna, wanda ke saman nata, domin in wannan Hajiya ta yafe, za ta samu mako biyun ƙarshe, kuma ta ce mako biyu ya ishe ta in Allah ya so. Bakina da ba ya rasa amsa ya cuce ni, na ce ai na san ta, unguwarmu ɗaya, amma tsohuwa ce mai wuyar sha'ani, wataƙila jikarta take karɓar wa. Mako na gaba sai ga ta da wata 'yar kwalba cike da man shanu, an ɗaure bakinta da leda da zare. Ta ce ita ta kaɗa shi da hannunta. Ta roƙe ni in kai wa Hajiya in ce wata ɗiyarta daga Kebbe tana gaishe ta, in faɗa mata halin da ake ciki. Na miƙa hannu biyu na karɓa. Na kai gida na ajiye a madafa, Inna ta gani ta tambaya, na ce wata mai jinya ce ta ba ni a asibiti. Ta buɗe ta shinshina ta ce rabonta da mai irin wannan tun tana yarinya, ta yi ta sa wa mai shi albarka. Muka zuba a miyar kuka muka ci da tuwon dawa. Da zan ce muku ya ƙi wuce mini da na yi ƙarya. Na ci, ya yi daɗi, har na ƙara.

Abin da ya fi komai muni shi ne, ni ba karanta littafin nake yi ba. Littattafai goma sha ɗaya ga mace mai aiki da yara biyu da girki, ina zan kai su? Tambayoyin baya nake ta haddacewa. Mai koren bango na buɗe babi biyu na farko na ga ya yi mini yawa, na saka shi a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ba na fito da shi sai ranar sabunta suna. Da matar ta tambaye ni saƙon Hajiya, na ce ta gode ƙwarai, ta ce za ta duba. Mako na gaba na ce ba ta jin daɗi. Na gaba kuma na ƙi zuwa laburaren ranar kasuwa gaba ɗaya. Na fara bin wata hanya in zan je asibiti don kada mu haɗu a bakin tasha. Ko babur na ji ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Maigidana ya tambaye ni me ke damuna nake yi wa yara tsawa ba dalili, na ce jarrabawa ce.

Saura kwana goma, ranar kasuwa, bayan azahar, ina ɗaki ina ninke wanki. Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Sai na ji sallama daga zaure, murya a hankali kamar ta mai tsoron ta da wani daga barci. Na san ta tun kafin ta rufe baki. Ashe ta gaji da jira, ta kwafi sunan daga littafin layi ta shiga kasuwa tana tambaya, kuma a Tambuwal ba a ɓata gidan tsohuwa irin Inna, masu sayar da hatsi suka kwatanta mata. Na tsaya da rigar yaro a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Ɗakina ƙofa ɗaya gare shi, kuma tsakar gida take kallo. Ina ji Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ina ji matar ta ce ita ce wadda ta aiko da ɗan man shanu. Inna ta ce ashe ita ce mai jinyar, ya jiki? Sannan matar ta ce ita lafiyarta lau, maganar littafi ce ta kawo ta, ta fara roƙo tun daga farko, da ƙauyensu da tsohuwar ungozoma da komai. Inna ta bari har ta gama. Ta ce mata ɗiyata, ni ko sunana aka rubuta aka ajiye gabana ban gane shi ba, ban taɓa taka laburare ba, mai littattafai a gidan nan mutum ɗaya ce, matar ɗana. Sai ta ɗaga murya ta kira ni.

Sau uku ta kira kafin na ɗaga labule. Ban san yadda zan kwatanta muku kallon da matar nan ta yi mini ba, domin babu faɗa a cikinsa. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin da na fito, ta sauke kai. Na jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na samu abin cewa, don na iya faɗa. Sai kawai ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta tambayi karatu. Ta juya ta gode wa Inna da ruwa, ta ce bari ta tafi kada masu babur su bar ta, hadari na haɗuwa. Ta saka takalmanta masu laka ta fita. Inna ta miƙe, tsohuwar da sai ta dafa bango take tashi, ta shiga ɗakina, abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidan. Ta ce in nuna mata. Na jawo akwatin. Ta ga littattafai jere, ta tambaya wanne ne, na nuna. Ta ce da sunanta na hana baiwar Allah, kuma na bari ta ci man matar tana sa albarka? Ta ce in ɗauka in bi ta yanzu. Ni kuma, kaico, na tsaya bayani. Na tsaya ina cewa ba a fahimce ni ba, ban karya doka ba, ni ma fa nema nake. Na ɓata lokaci mai yawa ina kare kaina a gaban tsohuwar da ba ta ma amsa mini. Kafin in saka hijabi in kai tasha, 'yan Kebbe sun tashi, ruwa ya sauko.

Na ce zan ba matar littafin ranar kasuwa mai zuwa. Na je tun da hantsi na zauna a bencin da take zama, littafin a cinyata, har la'asar. Ba ta zo ba. Saura kwana uku ke nan. A nan na gane cewa duk makonnin nan ban taɓa tambayarta sunan ƙauyensu ba, ita da ta san sunayen 'ya'yana. Sai da na roƙi Baba ya duba katinta. Ya rubuta mini a takarda. Washegari da sassafe maigidana, wanda Inna ta riga ta faɗa masa komai kuma kwana bakwai yana amsa mini magana da ƙyar, ya samo mini mai kabukabu. A ranar na san hanyar da matar nan take bi duk mako. Mun sauka mun tura ya fi sau biyar. A wani rafi ruwa ya kai mini cinya, na ɗora littafin a ka cikin leda. Mun faɗi sau ɗaya a laka, gwiwar hannuna ta ƙuje daidai inda na saba ganin nata. Sai bayan azahar muka isa.

Na same ta a bayan gida tana shanyar gero. Ta karɓe ni kamar baƙuwar kirki, ta dama mini fura da nono, ta kawo ruwa na wanke ƙafa. Na fito da littafin na ajiye a gabanta, na fashe da kuka, na faɗi duk abin da na yi, har dalilin tambayar lissafin nan. Ta saurara. Ta ce ta yafe mini tun ranar, kada in ɗauki nauyi in shiga jarrabawa da shi. Amma ta ce ta riga ta faɗa wa maigidanta da dattawa cewa ta janye, domin ba za ta tashi mutane su raka ta har Sakkwato a kan abin da ta san ba ta shirya masa ba, kuma kwana biyu ba sa isar littafi irin wannan. Na roƙe ta, na ce ta gwada, kanta ya fi nawa. Ta girgiza kai. Na ce to ta riƙe shi ko don ta karanta. Ta sa hannu ta shafa koren bangon sau ɗaya, ba ta buɗe ba, ta turo mini shi a hankali. Ta ce in mayar wa Baba, layinta bai zo ba tukuna.

Na yi jarrabawa. Na duba ɗakin kusurwa-kusurwa ko za ta sauya shawara, ba ta zo ba. Da na dawo na tattara littattafan nan goma sha ɗaya na kai laburare, na ajiye katunan mutane a kan tebur. Baba ya karɓa ya duba littafin layi, ya ga ranar ta yi. Ina tsaye ya yanki 'yar takarda, ya rubuta sunan matar, ya soka a cikin mai koren bango, ya ɗora a kantar bayansa. Na ce masa Baba ai ba za ta zo ba. Ya ce ya sani, amma layinta ne. Kwana bakwai littafin yana nan da takardar tana leƙowa daga samansa, kullum in zan wuce asibiti sai na hango shi ta taga. A rana ta takwas ya zare takardar ya mayar da shi cikin sauran. Ba da daɗewa ba aka manna sanarwa a bango: mutum ba zai shiga layi fiye da sau biyu ba, kuma dole mai kati ya zo da kansa. Tsofaffi da matan da suke aike suka daina samun littafi. Ba a rubuta sunana a sanarwar ba, amma kowa a unguwa ya san dalilinta.

Na ci jarrabawar, Edita. Na yi karatu na gama, yau shekaru ina karɓar haihuwa, kuma fararen kayan da na yi ta mafarki suna rataye a ɗakina. Amma duk ranar da aka shigo mana da mace daga wajen Kebbe, an sha hanya da ita ta galabaita, kafin in taɓa ta sai na tambayi sunan ƙauyensu, gabana yana faɗuwa. Na sha gaya wa kaina cewa wataƙila ko ta samu littafin ba za ta ci ba. Wataƙila. Amma ban bari an gani ba, kuma ni na ga yadda ta warware tambayar nan. Ta ce ta yafe, na kuma yarda ta yafe, Inna ma ta yafe mini kafin ta rasu. Abin da yafiya ba ta iya dawowa da shi ba shi ne shekarar nan guda da ta rage mata.

Shi ya sa na rubuto. Ku da kuke aron littafi a laburare, ko kuke shiga kowane irin layi na kayan jama'a, don Allah ku tsaya a kan abin da za ku iya amfani da shi. Kada ku ce ai ba a hana ba. Abubuwa da yawa ba a rubuta haninsu ba ne saboda an ɗauka muna da kunya, kuma ranar da aka rubuta, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ke shan wahalarsa. Kada ku ari sunan wani ku tare wuri. In an ce muku na baya ya fi ku matsuwa, ku juya ku dube shi, ku tambayi daga ina ya fito. Ni na riƙe littafi mako takwas na karanta babi biyu, wadda take buƙatarsa kuma ta taɓa bangonsa sau ɗaya.